Kafin Ya Cika Shekara Biyu

Masu karatu, ku yafe mini shirun da na yi muku na mako uku. Ba ciwo na yi ba, wayar ma lafiyarta lau. Gajiya ce, irin wadda ko an yi barci ba ta sauka. Na ga saƙonninku duka. Wata baiwar Allah daga Kumasi ta rubuto ta ce, "Sahada, ke da kike da 'yan'uwa, me zai hana ki ɗauki ɗan ɗaya daga cikinsu ki riƙe, ki huta da wannan wahala?" 'Yar'uwa, na riƙe, har sau biyu. Na riƙe 'yar yayana tun tana rarrafe, da ta isa aike uwarta ta zo ta ɗauke abarta. Na riƙe ɗan ƙanin mijina shekara biyu, sai aka ce makarantar Sokode ta fi ta nan. Ɗan riƙo tabarmar aro ce, ranar da mai ita ya yi baƙi dole ki tashi.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Sahada, ɗinki nake yi a shagon ƙofar gidanmu a nan Zongon Lome. Mijina Sulemana yana aikin fitar wa 'yan kasuwa kaya a tashar jirgin ruwa. Shekararmu tara da aure, ba haihuwa. Kafin ni ya zauna da wata matar shekara shida, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, da suka rabu ta yi aure a Kwatano, yanzu 'ya'yanta huɗu. Shi ya sa babu wanda ya taɓa ce masa ya ƙara aure. Kowa a Zongo ya gane inda matsalar take, sai dai ba mai furtawa a gabansa. Ni ake furta wa.

Shekara uku ke nan da muka kai takardunmu ofishin da ke kula da marayu muna neman a ba mu yaro. Ba takardar da ba a nema ba: ta likita, ta aure, ta shaidar ba mu taɓa zaman gidan yari ba. Jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinmu, Madam Afi, ta zo gida sau uku. Ta buɗe tukwanena, ta leƙa banɗaki, ta zaunar da mu ɗai-ɗai ta tambaye mu ko muna faɗa. A watan Disamba ta kira ta ce an ware mana yaro. An tsince shi ne a bakin kasuwa a Bè, naɗe cikin zani, ranar wata Litinin, shi ya sa masu renonsa suke kiransa Kojo, sunan da mutanen nan suke ba ɗan Litinin. An bar mu mun gan shi sau ɗaya, rabin awa, a gidan marayun da ke Cacavéli. Ya kama bakin mayafina ya cusa a baki, ya jiƙe shi da yawu. Sulemana ya miƙa masa makullan babur, ya ƙi sakinsu har aka zo ɗaukarsa. Abin da ya rage, in ji Madam Afi, sa hannun alƙali ne cewa an nemi danginsa ba a samu ba. Mako biyu zuwa uku.

Yanzu muna watan Mayu.

Na fenta ƙaramin ɗakinmu ruwan ganye, na sa labule mai zanen kifaye, na rataya gidan sauro. Na ɗinka masa kaya kala shida da awon da idona ya ɗauka ranar nan. A watan Maris na warware ƙafafun wandunan na ƙara musu tsawo. A Afrilu na sake warwarewa, sai na ga babu sauran yadi a lanƙwasar. Kowace Litinin da safe, kafin in buɗe shago, nakan tura saƙo:

"Bonjour Madam. Ina fatan kin tashi lafiya. Ko akwai labari?"

Wani lokaci amsa ta zo da la'asar, wani lokaci sai Laraba:

"Patience, madame. Yana kan teburin alƙali." Wato dai in yi haƙuri.

In kuka ja hirarmu sama, abin da za ku gani ke nan, layi-layi, kamar ɗinkin keke. An yi wa alƙalin canjin wurin aiki. Sabon bai fara zama ba. Ya fara zama amma fayiloli sun yi yawa. Patience.

Da jira ne kawai, da na iya, don na saba. Abin da ya sa jiran nan yake cin raina shi ne maganar nono.

Tun da aka ware mana yaron, Sulemana ya je wurin Malam Jumare, limamin masallacin layinmu, ni ma na bi shi na zauna daga bakin zaure. Malam ya ce riƙon maraya lada ne mai girma, amma ba za mu ɓoye masa asalinsa ba, kuma ranar da ya balaga ni ba muharramarsa ba ce. Sai na rufe jikina a gabansa kamar baƙo, ba zai faɗo ɗakina ba, ba zan rungume shi ba. Yaron da zan wanke wa kashi, in goya shi in yana zazzaɓi, ran da ya yi gemu in riƙa neman mayafi in na ji sallamarsa? Malam ya ga yanayina sai ya ce akwai mafita. In 'yar'uwata ta jini ta shayar da shi sau biyar, ya ƙoshi, kafin ya cika shekara biyu, ya zama ɗanta na nono, ni kuma na zama innarsa har abada. Ko a kofi aka tatsa ya sha, ya yi.

Ƙanwata Meimuna, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tana goyon 'yarta Aziza. Da na je mata da maganar dariya ta yi.

"Yaya, wannan ne ya sa idonki ya kumbura? Ai ko tagwaye kika kawo akwai abinsu."

Ta so ta yaye Aziza kafin azumi. Saboda ni ta fasa. Azumi ya zo ya wuce, salla ta wuce. A takardar da likita ya ƙiyasta shekarun yaron, an rubuta ranar haihuwarsa tara ga Yuni. Ni da ban taɓa damuwa da kalanda ba, sai ga shi na san saura kwana nawa ko daga barci aka tashe ni.

Ranar Lahadi, sha biyu ga wata, muka haɗu a gidan Mma, mahaifiyarmu, kamar yadda muka saba. Ina sanye da doguwar rigar atamfa ruwan toka da ban ko goge ba. Mma tana suyar kifi a tsakar gida. Meimuna na shigowa ƙamshin man ya buge ta, ta dire Aziza ta ruga bayan ɗaki. Mma ta ajiye matsamin, ta bi ta da kallo har ta dawo tana goge baki da gefen zani.

"Ke, zo nan. Wata nawa?"

Meimuna ta sunkuyar da kai. "Biyu, Mma."

"Kwanika, Meimuna? Ciki a gaba, goyo a baya, kina ba yarinya nonon ciki? Tun yaushe na ce ki yaye ta?"

Ni ta kalla, kallo ɗaya, ta ɗauke ido. Mma ba yarinya ba ce. Ta juyo gare ni a hankali.

"Au, saboda ke ne."

"Mma, saura kaɗan ne. An ce fayil ɗin yana..."

"An ce, an ce. Shekara uku ana ce miki. Da kin ji maganata kin fito daga auren nan tun kina da talatin, da yanzu kina goye da na uku. Kin ƙi. Kin je kin nemo ɗan da ba a san uwarsa ba, ba a san ubansa ba, na yi shiru. Yanzu kuma kin ɗaure mini ƙanwarki a turke kamar saniyar tatsa. Dube ta. Ki dube ta da kyau, Sahada."

Na dube ta. Wallahi, masu karatu, sai ranar na gan ta. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, zoben aurenta yana yawo a yatsa, ƙasan idonta ya yi baƙi. Wata biyar kullum ina zuwa gidanta, amma abin da nake tambaya ɗaya ne: nonon yana nan? Ban taɓa ce mata ke ya jikinki ba.

"Ranar Juma'a ki kawo mini Aziza da kayanta," in ji Mma. "An gama magana."

A hanyar komawa gida dabara ta zo mini. Muna da firiji mai gidan ƙanƙara. Na sayo ƙananan kwalabe a kantin magani na dafa su. Litinin Meimuna ta tatsa ɗaya, Talata ta tatsa biyu. Na jera su a gidan ƙanƙara, na fitar da naman da ke ciki na rabar don kada wani abu ya taɓa su. Saura biyu su cika biyar. Har na fara raira waƙa a kan keke.

Laraba ƙarfe bakwai na safe aka ɗauke wuta. Duk wanda ke Lome a watannin nan ya san yadda ake yi mana. Na ce zuwa azahar za ta dawo. Da ba ta dawo ba na zaga layi huɗu ina neman ƙanƙarar sayarwa, masu kifi da masu zoɓo sun riga ni. Na naɗe firijin da bargo. Ba a kawo wutar ba sai hantsin Alhamis. Kafin nan na riga na buɗe, na sunsuna kwalba ɗaya, ta yi tsami.

Na ɗauke su na fita tsakar gida, na tsuguna a gindin dogon yaro na tsiyaye su ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa ta shanye nan take. Da na ɗago sai na ga Sulemana tsaye a bakin ƙofa da hular kwanonsa a hannu. Ya dube ni, ya dubi kwalaben. Na jira ya ce wani abu. Ya sa hularsa, ya tura babur ya fita.

Ranar ban buɗe shago ba. Na zura hijabina mai ruwan ƙasa na je na ɗauko Meimuna, muka shiga tasi zuwa Cacavéli, Aziza a bayanta. Ba mu da izinin ziyara. Na ce in yaron ba zai zo wurin nono ba, nono zai je wurinsa.

Shugabar masu renon, Maman Ablavi, dattijuwa ce mai furfura da tabarau rataye a wuya. Ta zaunar da mu a benci a baranda, ta ba mu ruwa, ta saurare ni har na gama. Hausarta ta kasuwa ce, tana haɗawa da Faransanci.

"'Yata, ba a shigo wa yara da abinci daga waje, balle nono. Doka ce."

"Maman, ga takardun awonta, an gwada jininta makon jiya, lafiyarta ƙalau. Sau biyar ne kawai. Yau biyu, gobe da safe..."

"Na ji. A ce ma na rufe ido na karya dokar. Kin ce a addininku in ya sha ya zama ɗan'uwan yarinyar nan da ke bayanta, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To in gobe alƙali ya ce ba ku za a ba ba? Ko wata ta fito ta ce ita ce kakarsa? Na ga irin haka a gidan nan, ba sau ɗaya ba. Yaro ya tafi garin Kara ko Faransa da 'yar'uwa a Zongo, shi bai sani ba, ita ba ta sani ba. Wa zai gaya masa? Ke da kanki, zuciyarki za ta kwanta?"

Ban taɓa barin kaina ya yi tunanin za a iya hana mu ba, shi ya sa tambayar ta same ni ba shiri.

Da muka tashi tafiya ta ce mu bi ta gefen katanga, can ne hanya ta fi kusa da ƙofa. Na gane alheri take yi mini. Ta nan ana hango filin wasan yara. Yana can, sanye da riga ja da ta yi masa yawa, yana tura kujerar roba kamar mota. Ya yi tsawo. Ko ɗaya daga kayan da na ɗinka ba zai shige shi ba. Ya ɗago ya kalle mu ta tsakanin ƙarafa, kallon da yaro yake yi wa kowace mace mai wucewa, ya ci gaba da tura kujerarsa.

A bakin titi ruwa ya sauko, muka fake a rumfar wata mai sayar da gasasshiyar masara. Aziza ta fara kuka tana jan wuyan rigar uwarta. Meimuna ta zauna a kan dutse ta ba ta, ta jingina kai da ginshiƙi ta lumshe ido.

"Meimuna," na ce, "gobe ki kai ta wurin Mma."

"Yaya, zan iya ƙara mako biyu. Sai in ce wa Mma..."

"Ba za ki ce mata komai ba. Ki yaye ta. Ki yafe mini."

Ta buɗe ido ta dube ni. Ruwa yana ɗiga daga kwanon rumfar a kan ƙafafunmu.

Yanzu zan gaya muku abin da ya sa shiruna ya yi tsawo haka. Bayan magariba Sulemana ya dawo, na zuba masa shinkafa da wake da miyar jiya. Ya zauna yana ci. Na ba shi labarin Cacavéli daga farko har ƙarshe, yana ta kai loma. Ni da nake kiransa Sheri, wato masoyina da Faransanci, tun yana nemana, in na ce Malam ya san ba lafiya.

"Malam, ba ka da abin cewa?"

"Me zan ce, Sahada?"

"Komai. Ka yi faɗa, ka zagi alƙali, ka yi kuka. Yaushe rabon da ka tambaye ni ko Madam Afi ta amsa?"

"In ta amsa ai zan gani a fuskarki."

"Ka gaji ke nan."

"Na gaji."

"Kai da kake tashi ka tafi tasha ka wuni cikin mutane? Ni ce nake zaune da ɗakin nan. Ni ce ake nunawa a gidan suna. Da na bi maganar Mma tun..."

Na kama bakina, amma ta riga ta fita. Shekara tara ban taɓa goga masa wannan ba, ko da wasa. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya zare shi a hankali, ya wanke, ya goge da tawul yatsa ɗaya-ɗaya, ya ce bari ya je masallaci kada isha'i ta wuce shi. Lokacin ko kiran salla ba a yi ba.

Juma'a aka kai Aziza gidan Mma. An ce ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ban je ba. Na ninke kayan nan kala shida na sa a akwati, na sauke gidan sauron, na kulle ɗakin na jefa makullin cikin gwangwanin maɓallai. Ranar Litinin, karo na farko cikin wata biyar, ban tura wa Madam Afi saƙo ba.

Mako guda muka yi ni da Sulemana kamar 'yan haya. Ina kwana, lafiya lau. A dawo lafiya, Allah ya sa. Ya koma fita tun gari bai gama wayewa ba, ko kokon da nake dama masa ba ya tsayawa sha. Na ce a raina guduna yake yi, kuma da gaskiyarsa. Sau nawa na rubuta masa "Sheri, ka yi haƙuri" a waya ina gogewa, don na san ba magana ce da ake gyarawa da yatsa ba.

Jiya Asabar da hantsi ina shago ina yanka wani leshi, sai ya leƙo.

"Rufe shagon, ki ɗauko mayafi mai kauri. Za ki raka ni."

"Ina?"

"Ki dai zo."

Na hau bayansa. Muka bar Zongo, muka ratsa gari, muka wuce Bè, har iskar teku ta fara kaɗa mini mayafi. Ban riƙe shi ba, ƙarfen baya na riƙe. A hanyar tasha manyan motocin Nijar da Burkina sun yi layi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna shan shayi. Ya karya ya shiga wani lungu ya tsaya a gaban wani babban sito mai farin fenti, injin wuta yana ta ruri a gefensa. Wani dogon mutum mai rawani ya fito suka yi musabaha. Sulemana ya ce wannan Alhaji Amadou ne, mutumin Tahoua, shi yake fitar wa kwantenonin kifi, nan kuma ɗakin sanyinsa ne. Alhaji ya gaishe ni da ladabi, ya miƙo mana manyan rigunan sanyi biyu masu ƙarnin kifi, ya ja wata ƙofa mai kauri kamar katifa, ya koma gefe.

Sanyin ya doke ni a fuska har haƙorana suka amsa. Kwalaye ne jere har rufi, kifi a dama, kaji a hagu. Sulemana ya wuce gaba na bi shi har ƙurya. A kan wani katako, ita kaɗai, ga wata 'yar kula shuɗiya da ƙaramin kwaɗo. Ya ciro makulli daga aljihu. Ya buɗe.

Kwalabe bakwai, farare, daskararru kamar dutse. Kowace an manna mata takarda da kwanan wata da rubutunsa na mai cika takardun kwastan: sha takwas, sha tara, ashirin, har ashirin da huɗu.

"Nan ba a ɗauke wuta," ya ce. "In an ɗauke, inji biyu ne. Alhaji zai yarda matarsa ta yi yaji, ba zai yarda kifinsa ya narke ba."

Ya ci gaba, idonsa a kan kwalaben.

"Ranar da kika zubar da na farkon, daga gida wurin Bobbo na wuce." Bobbo shi ne mijin Meimuna. "Na ce masa in an yaye yarinya nono ba ya ƙafewa rana ɗaya, dole ta rage don kada ya yi mata ciwo. Maimakon a zubar, a ba ni. Ya ce sai ya tambayi unguwarzoma, ta ce na 'yan kwanaki ba zai cutar da cikin ba. Kullum da sassafe shi yake miƙo mini ta taga, kada Mma ta ji. Na koma wurin Malam Jumare, ya ce ko ya daskare, in an narkar ya sha ya ƙoshi, nono nono ne. Biyar ake so. Na ƙara biyu, ko zai ture kofi."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na ga fuskarki a gindin bishiyar nan. Ban so in ƙara miki wani abin jira ba. Na ce sai sun cika."

Hawayena suna fitowa da ɗumi, kafin su kai haɓa sun yi sanyi. Na kama hannun rigarsa.

"Sheri, maganar da na faɗa ranar nan..."

"Ba ki ƙarasa ba."

"Amma ka ji."

"Na ji." Ya mayar da murfin kular, ya danna kwaɗon. "Mma ba ƙarya ta yi ba, Sahada. Na san abin da kika bari kika zauna da ni, kullum da shi nake kwana. Abin da Allah bai ba ni ba, ba zan iya ba ki ba. Wannan ne na iya."

Muka tsaya a wurin, tsakanin kifi da kaji, cikin rigunan wasu, na kifa kaina a ƙirjinsa. Da Alhaji bai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce sanyin zai kama mu ba, ban san yaushe za mu fito ba.

A waje rana ta ƙwalle. Na mayar da rigar sanyin, na yi wa Alhaji godiya har ya ji kunya. Ina gyara mayafi wayata ta yi ƙara a jaka, ashe a ciki babu layi. Na duba. Madam Afi ce. Shekara uku ba ta taɓa fara rubuto mini ba, balle ranar Asabar.

"Madame Sahada, ku zo ofis ranar Talata ƙarfe tara, ke da mijinki. Ba magana ce ta waya ba."

Na miƙa wa Sulemana. Ya karanta sau biyu. Na kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya kira da tasa, a kashe.

"In labari mai daɗi ne, ai da ta faɗa," na ce.

"In mara daɗi ne, da ta bari sai Litinin," ya ce.

Babu wanda ya yarda da maganar ɗan'uwansa, babu kuma wanda ya yarda da tasa. A hanyar dawowa shi na riƙe, ba ƙarfen babur ba.

Yau Lahadi nake rubuta muku wannan, bayan la'asar. Saura kwana goma sha huɗu ya cika shekara biyu, saura kwana biyu Talata. Na goge farar shaddar Sulemana, na fitar da leshina ruwan zuma, na haɗa takardunmu a jaka. Akwai wani sabon zanin goyo da na saya a kasuwar Asigame tun Disamba, ko wanke shi ban yi ba. Ɗazu na ninke shi na sa a jakar. Sai na tuna maganar Maman Ablavi, na ga kaina ina fitowa daga ofishin nan da shi a ninke yadda ya shiga, na ciro shi na ajiye a kan gado. Na je na yi alwala na dawo, na tarar ba ya kan gadon. Sulemana yana zaune a bakin ƙofa yana goge takalminsa, bai ɗago ba.

"Yana cikin jaka," ya ce. "In ya yi nauyi a dawowa, ni zan ɗauka."